Tambaya da Amsa: Kayan Aikin da Maƙerin Ƙaramin Jirgi Zai Haɗa da Hannunsa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato yadda mai sha'awar ƙera ƙaramin jirgin sama mai rimot zai fitar da aiki mai kyau alhali ba shi da ɗakin aiki cike da injuna. Na zaɓi bakwai daga ciki, na taƙaita masu tsawo, na kuma haɗe waɗanda suka zo da tambaya iri ɗaya. Mai karatu zai lura cewa yawancin kayan da zan bayyana na riƙewa ne da na awo, domin a ganina abin da ya fi kayar da ƙananan jirage shi ne karkata da rashin daidaito, kuma katako da waya da rula sun isa su magance su.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa, na haɗa fiffike da katakon balsa, mara nauyin nan, a kan teburin karatuna, na bi zanen sau da ƙafa, amma da na ɗaga shi sai na ga ɓangaren dama ya murɗe. Da na tashi jirgin kuwa, sai ya riƙa jirkicewa gefe ɗaya. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zargi hannunka ka binciki teburin. Fiffike yana ɗaukar siffar abin da aka kwantar da shi a kai lokacin da gam yake bushewa, saboda haka idan tebur ya lotsa a tsakiya ko wata kusurwarsa ta ɗaga da milimita 2 kacal, wannan aibin zai koma cikin fiffiken ya zauna daram. Ka sami doguwar rula ta ƙarfe ka kafa ta da gefenta a kan teburin, a tsawo, a faɗi, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, ka sa fitila a bayanta. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙarƙashin rular, to akwai rami a wurin.

Allon haɗi mai kyau hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne mai ba da shimfiɗa miƙaƙƙiya, kuma ban ga abin da ya kai gilashi mai kauri ba, ko da yake katakon filawud na milimita 18 da aka tokare da sanduna ta ƙasa ma yana yi. Na sama shi ne mai karɓar fil, kuma allon silin mai taushi ko allon jifsum da ake rufe bango da shi duk suna yi, muddin suna kwance sosai a kan na ƙasan. A shimfiɗa zane a kai, a rufe shi da siririyar leda don kada gam ya manne da takarda. Kada a soka fil ta tsakiyar siririn katako, domin zai tsage shi. A kafa fil biyu a gicciye su danne shi ta gefe da gefe. Wasu sun fi son farantin ƙarfe da maganaɗisu a madadin fil, kuma hanya ce mai tsabta ga wanda yake ƙera jirage da yawa, sai dai ga mai fara koyo fil ya wadatar.

Game da fiffiken da ya riga ya murɗe, idan ledar rufi mai tsukewa da zafi ce a jikinsa, akwai dabara. Wani ya riƙe gindin fiffiken, kai kuma ka murɗa bakinsa zuwa ɓangaren da ya saɓa wa karkatar har ka ɗan zarce, ka bi ledar da dutsen guga mai matsakaicin zafi sama da ƙasa har tamojin da suka fito su ɓace, sannan ka ci gaba da riƙewa har ta huce. Ka duba sakamakon ta hanyar tsayawa a bayan jirgin da nisan taku uku ka rufe ido ɗaya, ka ga ko ƙeyar fiffiken dama da ta hagu, wato gefensu na baya, suna ɓoye ƙasan fiffiken daidai wa daida.

Tambaya: Ina amfani da farin soson nan mai tauri da ake tokare firiji da talabijin da shi a cikin kwali, amma wuƙa tana ɓarɓasa shi. An ce mini waya mai zafi ce maganinsa. Na gwada da wayar wuta ta tagulla, sai batir ya yi zafi, wayar kuwa ba ta yanka komai ba. Yaya ake haɗa wannan abin yanka?

Amsa: Ka yi sa'a da abin ya tsaya a zafin batir. Tagulla tana barin lantarki ya wuce kusan ba tare da turjiya ba, don haka abin da ka yi daidai yake da haɗa bakunan batir biyu kai tsaye. Wayar da ake so ita ce mai turjiya, kuma fitacciyarta ita ce nikrom, gaurayen nikel kashi 80 da kuromiyam kashi 20, wadda turjiyarta ta ninka ta tagulla fiye da sau 60. Ita ce a cikin na'urar busar da gashi da tsofaffin hita. Idan an ciro ta daga nan za a same ta a nannaɗe, sai a miƙar da ita a hankali. Siririyar wayar ƙarfe mara tsatsa ta masu kamun kifi da siririyar tsirkiyar jita su ma suna yi, har ma sun fi jure ja.

Ga lissafin da zai hana ka lalube cikin duhu. Nikrom mai kaurin milimita 0.4 tana da turjiya wajen om 8.7 a kowace mita, kuma tana yanka wannan soso da kyau idan kimanin amfiya 2 na bi ta cikinta. Idan ka ɗauki santimita 70, turjiyar ta zama om 6 da ɗoriya, ka ga batirin mota mai bolt 12 zai tura kusan amfiya 2, wato zafin wat 24. Idan kuma mita ɗaya kake so, cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19 za ta ba ka amfiya 2.2, kuma yawancin irin waɗannan cajoji suna iya ɗaukar fiye da amfiya 3. Abin da ba a yi ko kusa shi ne jona wayar da wutar soket kai tsaye, ko ta hanyar madaidaicin hasken fitila shi kaɗai ba tare da taransifoma ba, domin waya ce tsirara da hannunka yake kusa da ita, kuma wannan wutar tana kisa.

Firam ɗin kuwa baka ne da tsirkiyarsa. Ka sami sanda ɗaya doguwa ta zama gadon tsakiya, da gajeru biyu masu tsawon santimita 30 da za a ɗaura a bakunanta, kowace da kusa mai zare guda ɗaya a tsakiyarta, yadda za su iya juyawa. Wayar tana haɗa ƙarshensu na ƙasa, na sama kuma sifirin ne yake haɗa su, ko igiya ninki biyu da aka murɗe da ɗan tsinke. Wannan sifirin ba ado ba ne. Waya tana ƙara tsawo idan ta ɗau zafi, kuma idan babu abin da zai ci gaba da janta sai ta saki, tsakiyarta ta riƙa biyo bayan bakunanta, fiffiken ya fito da siffa daidai a gefe biyu amma gurɓatacce a tsakiya. Wayoyin da suke kawo wuta a maƙala su da 'yan matsan nan masu haƙora irin bakin kada, domin da su ake daidaita zafi: idan ka matso da su kusa da juna turjiya ta ragu zafi ya ƙaru, idan ka nisanta su zafi ya ragu.

Zafin da ya dace ana gane shi da ido da kunne. Bai kamata wayar ta yi ja ba. Idan ta shiga soso ana jin ɗan sauti siriri, idan ta fito kuma ana ganin zaruruwa kamar gashi a fuskar yankan. Rami mai faɗi da fuska mai ƙyalli da tauri alamar zafi ya yi yawa ce, ja da tirjiya kuma alamar bai kai ba. Kada ka danna. Nauyin bakan ya kusan isa, kuma wayar tana narkar da abin da yake gabanta ne tun kafin ta taɓa shi sosai. Idan ka dakata ko na daƙiƙa ɗaya a tsakiyar yanka, za ka bar kwari a wurin.

Siffar fiffike daga samfuri biyu take fitowa, waɗanda ake kafawa a bakunan soson da ƙananan ƙusoshi. A yanke su daga siririn filawud ko fomaika ko alminiyam, a goge bakinsu da samfefa har farce ya bi ba tare da ya sarƙe ba, domin duk inda farce ya tsaya waya ma za ta tsaya. Ina shafa bakin fensir a gefen don ƙarin santsi. A bar ɗan harshe a gaba da bayan samfurin inda waya za ta hau kafin ta shiga soso da inda za ta sauka bayan ta fita. Ga mai farawa ina ba da shawarar siffar Clark Y, wadda Virginius Clark ya tsara a 1922, mai kaurin kashi 11.7 cikin ɗari na faɗinta. Yawancin ƙasanta shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka tana kwanciya a kan allo ba tare da tokari ba. A ɗora littattafai masu nauyi a kan soson lokacin yanka, kuma kada a zubar da ɓawon sama da na ƙasa da suka rage, domin su ne gadon da za a kwantar da fiffiken a ciki lokacin manna masa ƙashin baya ko rufi.

Wannan aikin na wuri mai iska ne. Hayaƙin folistirin, wato wannan farin soson, ba abin shaƙa ba ne, soson katifa da na kujera kuwa, wato foliyuretan, ba a yanka shi da waya mai zafi sam, saboda hayaƙinsa guba ne.

Tambaya: Ni kuma na iya yanka fiffike mai faɗi ɗaya, amma wanda yake tsukewa zuwa baki kullum bakinsa yana fitowa siriri fiye da samfurin, kamar an ƙone shi.

Amsa: Dalilin a fili yake idan ka auna tafiyar. A ce gindin fiffiken santimita 25 ne, bakinsa 15. Dole wayar ta shiga goshin fiffiken a ɓangarorin biyu lokaci ɗaya, ta fita ta ƙeya lokaci ɗaya, wato ɓangaren baki yana tafiya a hankali, kuma wayar da take jinkiri ta fi cin soso. Ka raba kowane samfuri kashi 10 daidai, ka rubuta lamba a kowane layi, ka sami abokin aiki ya riƙe ɓangaren baki. Wanda yake gindi shi ne mai kiran lambobi, na bakin yana binsa. Sannan ka ƙara wa samfurin baki kauri kaɗan, abin da bai wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba, gwargwadon abin da gwaji a kan guntun soso ya nuna maka.

Idan kai kaɗai ne, akwai hanyar da na fi so. Layin goshi da layin ƙeya, idan aka zarce da su, suna haɗuwa a wuri guda. A misalinmu, idan tsawon ɓangaren santimita 60 ne, faɗin yana raguwa da santimita 10 a wannan tazara, don haka zai ƙare a santimita 150 daga gindi. Ka kafa ƙusa a daidai nan a kan tebur, ka ɗaure bakin waya ɗaya a jikinta a tsayin da ya dace da tsakiyar kaurin fiffiken, ka sa mariƙin katako a ɗaya bakin, ka bi samfuri guda ɗaya tak na gindi kana jan wayar da hannu. Ba sai ka zafafa dukkan santimita 150 ba. Ka maƙala matsan wuta a inda soson ya fara da inda ya ƙare.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, ina koya wa ɗalibai ƙera jirgi mara inji da soso. Mun ɗiga gam mai saurin kamawa sai ya huda soson. Wane gam ya dace?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Sufa gulu na yau da kullum yana cin folistirin, haka ma gam mai warin fetur da masu gyaran takalma suke amfani da shi, da yawancin fentin feshi na gwangwani. Ga yara babu kamar farin gam na kafinta: ba ya cin soso, ruwa yana wanke shi, illarsa kawai jinkirin bushewa, musamman tsakanin fuskoki biyu da iska ba ta shiga, don haka a shafa shi siriri a bar shi ya kwana. Ifoksi, mai zuwa a bututu biyu da ake gaurayawa, ba ya cin soso kuma shi ya dace da wuraren da suke ɗaukar nauyi kamar mahaɗin fikafikai biyu, sai dai yana da nauyi, kuma mai kamawa a minti 30 ya fi mai minti 5 ƙarfi saboda yana samun lokacin ratsawa. Gam ɗin kyandir na bindiga yana da sauri, amma yana taushi idan jirgi ya daɗe cikin zafi, kuma shi ne kan gaba wajen tara nauyi a wutsiya ba tare da an ankara ba. Duk sabon gam ko fenti, a fara ɗiga shi a kan guntu. Idan akwai sufa gulu a ajin, a nisanta shi da auduga, domin idan ya jiƙa ta yana yin zafin da zai iya ƙona fata. Idan kuma ya manne yatsu, asiton na goge jan farce yana sakinsa.

Tambaya: Jirgina yana ɗaga hanci da zarar ya bar hannu, ya tsaya cak a sama, ya faɗo. Sau uku ke nan. Injin lafiyarsa lau, kuma fiffiken a miƙe yake.

Amsa: Abin da ka kwatanta halin jirgi ne da nauyinsa ya koma baya. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, wato inda idan aka tokare shi zai tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba, kuma ga fiffike mai faɗi ɗaya da wutsiya ta al'ada, wurin yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike idan aka auno daga goshi. Fiffike mai faɗin santimita 20 ke nan yana son cibiyarsa tsakanin santimita 5 da 6.6. A tashin farko ka tsaya kusa da 5. Jirgin da gabansa ya ɗan yi nauyi yana da nauyin jiki wajen juyawa kuma yana sauka da gudu, amma yana jin magana. Wanda bayansa ya yi nauyi kuwa ba ya ba ka lokacin gyara.

Yatsu ba ma'auni ba ne, domin kan yatsa ya kai faɗin santimita ɗaya da rabi, kusan dukkan tazarar da muke magana a kai. Ka huda ramuka biyu a guntun katako, tazararsu ta ɗan fi faɗin gangar jirgin, ka kafa sababbin fensira biyu masu magogi a kai, ka fere magogin ya zama kamar bakin kurfi. Ka manna tef ɗin takarda a ƙasan fiffike dama da hagu, ka ja layi a inda lissafi ya nuna, ka ɗora jirgin a kan layukan da batirinsa a ciki, a shirye kamar zai tashi. Idan mai man fetur ne, a auna shi da tanki babu mai. Jirgin da fiffikensa yake ƙasan ganga a kifa shi a auna, ya fi zama. Abin da ake nema shi ne ya tsaya a miƙe ko hancinsa ya ɗan sunkuya.

Kafin ka ƙara dalma a hanci, ka matsar da batir gaba, domin shi ne nauyin da ka riga ka ɗauka. Ka kuma duba wutsiya da idon mai rowa. Idan daga cibiyar nauyi zuwa wutsiya santimita 70 ne, zuwa hanci kuma 20, to giram 10 na gam da ya yi yawa a wutsiya yana bukatar giram 35 a hanci, ka ga jirgin ya ɗauki giram 45 da ba su amfana masa komai. Na taɓa yi wa wata wutsiya fenti hawa uku don ta yi sheƙi, daga baya na cika hancin da dalma har jirgin ya koma sai da gudu yake iya zama a sama.

Babban jirgi da ba ya hawa fensir ana auna shi da ƙaramin sikeli na lantarki. A tokare shi ya miƙe kamar yana tafiya a sama, a auna nauyin da yake kan kowace ƙafa, ana sa wa sauran ƙafafun tokari mai tsayin sikelin. Idan ƙafafun gaba biyu sun ba da giram 1,800, ta wutsiya 200, tazararsu kuma santimita 90, sai a ninka 200 da 90 a raba da jimillar nauyi 2,000: cibiyar tana santimita 9 a bayan gatarin ƙafafun gaba. A ƙarshe a ɗaga jirgin da zare ta hanci da wutsiya a ga ko wani fiffike yana rinjaya. Ƙaramar ƙusa a bakin mara nauyin tana gyara shi.

Tambaya: Idan na ƙara wuta, jirgin gaba ɗaya yana kakkarwa har kusoshi suna kwancewa. Sannan sandunan da suke tura harsunan fiffike, wato sassan da suke motsi don juya jirgi, suna da wasa. Akwai abin da zan iya yi a gida?

Amsa: Kakkarwa yawanci daga farfela take. Injin da aka rubuta masa KV 1000, wato juyi 1,000 a minti ga kowane bolt, yana juyawa kusan sau 11,000 a minti da batir mai bolt 11.1 idan babu kaya a kansa, da farfela kuma ya ɗan ragu, kuma a irin wannan gudu bambancin da bai kai nauyin guntun salatif ba tsakanin fuka-fukan farfela biyu ya isa ya girgiza jirgi. Ma'auninta mai sauƙi ne. Ka yi firam na katako mai siffar akwati mara murfi, ka manna maganaɗisu mai ƙarfi a bangonsa biyu suna fuskantar juna, ka sami miƙaƙƙen ƙarfe mai kaurin ramin farfelar ka fere bakunansa biyu su yi tsini, tsawonsa ya gaza tazarar da milimita 1 ko 2. Idan ka zura farfela ka saka shi, baki ɗaya zai taɓa maganaɗisu, ɗayan ya rataya a iska, gogayya ta kusan ɓacewa. Ɓangaren da ya sunkuya shi ne mai nauyi. Ka manna ɗan salatif a bayan mara nauyin, ko ka goge fuskar mai nauyin da samfefa mai laushi, amma kada ka rage tsawonsa ko ka taɓa gefensa. Farfela ta daidaitu idan ta tsaya a duk inda ka bar ta. Wadda ta tsage kuwa ba a ɗinke ta da gam, jefar da ita ake yi. Idan kakkarwar ta ci gaba bayan haka, ka cire farfela ka kunna injin shi kaɗai ka ga ko sandarsa ce ta lanƙwashe.

Wasan sanduna kuma daga rami yake, wanda ya fi waya faɗi. Ka huda ramin da guntun wayar da za ta shiga cikinsa, bayan ka fere bakinta da magagari. Wayar ƙafar keke mai kaurin milimita 2 tana yi wa manyan jirage, ƙanana kuwa milimita 1 zuwa 1.2 ta isa. Lanƙwasa mai siffar Z ana yin ta da filaya biyu: kusurwa ta farko, a matsa milimita 3, a yi ta biyu zuwa ɗaya ɓangaren. Tsohon katin banki yana ba da ƙahon da sandar take kamawa, kuma ramin ƙahon ya kasance daidai saman layin hinji, in ba haka ba harshen zai fi tafiya gefe ɗaya. Sandar da ta wuce santimita 25 a sa mata mariƙi a tsakiya da guntun bututun biro, don kada ta lanƙwashe lokacin turawa. Kafin ka yanke tsawonta, ka kunna rimot, sarbo, wato ƙaramin injin da yake tura sandar, ya koma tsakiyarsa.

Tambaya: Duk lokacin da nake liƙa mahaɗin batir da dalma, robarsa tana narkewa, ƙarfen ciki ya karkace. Kuma ina tsoron batirin lifo, wato na litiyam da ake sa wa waɗannan jirage, don na ji yana kamawa da wuta.

Amsa: Abin mamaki, ƙarfen liƙi mai rauni ne ya fi narkar da roba, domin yana tilasta maka ka daɗe a wurin. Dalmar liƙi mai gaurayen kuza kashi 60 da dalma kashi 40 tana narkewa a wajen digiri 190, kuma ƙarfe mai wat 60 da faffaɗan baki yana gama mahaɗin batir irin wanda ake kira XT60 cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Ka jona mahaɗin da abokinsa kafin ka fara, shi zai riƙe ƙarafan a miƙe ya kuma sha wani zafin. Mariƙi kuwa, ka manna matsan katako guda biyu na shanya tufafi a kan guntun allo suna fuskantar juna, ɗaya ya kama mahaɗi ɗaya ya kama waya. Ga ƙananan mahaɗai masu siffar harsashi, ramuka a jikin katako sun isa. Ka shafa dalma a waya daban, a mahaɗi daban, sannan ka haɗa su. A kan batir, waya ɗaya ake yankewa a liƙa a rufe da robar tsukewa kafin a taɓa ta biyu. Almakashin da ya yanke biyun tare ya haɗa wuta ke nan.

Tsoronka yana da tushe, amma ƙa'idojin kaɗan ne. Kowane sel na lifo, wato kowane ɗaya daga ƙananan batiran da aka haɗa a cikinsa, yana cika a bolt 4.2, bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba, kuma gara a sauko da jirgi tun yana wajen 3.5. Idan zai kwana biyu ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi a kan 3.8. Batir mai 2,200 mAh a caja shi da amfiya 2.2, ta cajar da take daidaita sel ɗaya bayan ɗaya, kuma caja tana cikin abubuwan da ban yarda a haɗa a gida ba. Abin da za ka iya haɗawa shi ne wurin caji: tukunyar ƙasa ko akwatin ƙarfe a kan siminti, nesa da labule da katako, da jakar leda cike da yashi a kan murfin waya a samansa, yadda idan wuta ta tashi ledar za ta narke yashin ya zubo. Kada akwatin ya rufu ruf, dole hayaƙi ya sami mafita. Batirin da ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, kuma ba a barin caji a tafi barci.

Ƙaramin abu na ƙarshe da ya cancanci zama a teburinka shi ne kwan fitilar mota mai bolt 12 da wat 21, wanda aka liƙa a kan jar waya tsakanin mahaɗi namiji da mace. Duk lokacin da ka gama sabon haɗin wayoyi a jirgi mai batir na sel uku, ka fara ba shi wuta ta cikin wannan kwan, farfela kuma a cire. Idan kwan ya yi walƙiya ya dushe, injin ya yi kukansa na gaisuwa, haɗin lafiya yake. Idan ya kama da haske sosai ya ƙi dushewa, akwai inda wayoyi suka haɗu, sai ka zare batir ka bi su ɗaya bayan ɗaya.